YADDA A KE KOYA WA KWAMFUTA WASAN DARA

Mu da mu ke cikin aikin koyarwa mun saba da kalman nan manhaja. Ita ce tsarin da a ke ba malami, a ce masa ga abin da zai fara koyarwa, ga abin da zai biyo baya, har ƙarshen shekara. To, masu aikin kwamfuta su ma sun ari kalman nan, suna kiran jerin umurnin da su ke rubuta wa na'urarsu manhaja. Aron kuwa ya dace, don kwamfuta almajira ce iri dabam. Ba ta gajiya, ba ta mantuwa, lissafin da zai ɗauki ajinmu duka shekara guda ita sai ta gama shi kafin ƙiftawa da ido. Amma fa ba ta da basira ko ta anini. In ka gaya wa yaro rabin magana, ya kan cika sauran da kansa. Ita kuwa, in ka bar abu ɗaya ba ka faɗa ba, ko ta tsaya cik, ko ta tafka shirme ta ci gaba abinta.

Saboda haka a wannan darasi za mu duba yadda a ke tsara wa kwamfuta manhajar wasa. Za mu ɗauki dara mu yi misali da ita, da ya ke yawancinmu mun taɓa zama gindin itace mun ga manya suna yi. Abin da mu ke so mai karatu ya riƙe shi ne, ba za ka iya koya wa kwamfuta wasa ba sai ka iya faɗin kowace ƙa'idarsa filla-filla, ba tare da ka ce "ai ka gane" ba.

Waɗanda suka fara

Kada wani ya ce wannan aiki ya fi ƙarfin malamin makaranta. A shekarar 1951 wani Bature mai suna Christopher Strachey, malamin lissafi a makarantar Harrow ta Ingila, ya rubuta manhajar darar Turawa, wadda mu ke kira diraf. Irin tasu ta Ingila gida takwas-takwas ce, kowa da 'ya'ya 12. Ya zuwa 1952 manhajarsa tana buga wasa daga farko har ƙarshe a kan wata kwamfuta da ke Jami'ar Mancesta. Kafin wannan, a 1950, wani masani a Amurka mai suna Claude Shannon ya riga ya bayyana a rubuce yadda na'ura za ta iya buga ces, wasan nan na Turawa mai sarki da sarauniya da dawaki. Hanyar da ya shimfiɗa ita ce za mu bi a nan, mataki-mataki.

Mataki na farko: fili

Kwamfuta ba ta ganin rami a ƙasa, ba ta ganin tsinke ko tsakuwa. Lamba kaɗai ta sani. Don haka aikin farko shi ne mai da filin dara ya zama lambobi. Darar da za mu yi misali da ita tana da layi 5, kowane layi gida 6, watau gida 30 ke nan. Sai mu ba kowane gida lambarsa kamar haka:

1 2 3 4 5 6
7 8 9 10 11 12
13 14 15 16 17 18
19 20 21 22 23 24
25 26 27 28 29 30

Cikin kowane gida kuma za mu rubuta abu ɗaya daga cikin uku. In babu kome, mu sa 0. In tsinke ne a ciki, mu sa 1. In tsakuwa ce, mu sa 2. Da haka duk filin ya koma jerin lambobi 30.

Amma wannan bai isa ba tukuna. In ka zo ka tarad da mutum biyu suna cikin dara, ko ka ga inda kowane ɗa ya ke, ba za ka iya karɓar wa ɗayansu ba sai ka tambaya, "Wa ke da yi?" Haka ita ma. Tilas manhaja ta riƙe wanda ke da yi, da yawan 'ya'yan da suka rage a hannun kowa ba a ajiye ba. Waɗannan duka, in an haɗa, su ne halin da wasa ya ke ciki. Duk abin da ka manta ba ka sa cikin wannan hali ba, to, a wurin kwamfuta babu shi a duniya.

Mataki na biyu: ƙa'idodi

Yanzu sai mu rubuta ƙa'idodin wasa. Kowane ɗan wasa yana da 'ya'ya 12. Da fari a kan yi ta ajiye su ɗaya-ɗaya, kai ka sa, ni in sa, ba kuwa a yarda mutum ya jera uku a wannan lokaci ba. In an gama, 'ya'ya 24 suna ƙasa, gida 6 kaɗai ya rage babu kome. Sa'an nan a fara gusawa. Ɗa ya kan gusa gida ɗaya, gaba ko baya, dama ko hagu, ba ya tsallake, ba ya karkata. Wanda ya jera uku a layi ɗaya ya ci, sai ya ɗauke ɗan abokin wasansa guda. Wanda 'ya'yansa suka kasa uku an cinye shi.

In ka karanta wa yaro wannan, ya ishe shi ya fara wasa. Kwamfuta kuwa da sauranta. Me a ke nufi da gida na dama? Ɗauki gida na 15. Na damansa 16 ne, watau an ƙara 1. Na hagunsa 14, an rage 1. Na samansa 9, an rage 6. Na ƙasansa 21, an ƙara 6. Sai mai tsarawa ya yi murna, ya ce ai ƙa'ida ta samu, ya rubuta: ƙara 1, rage 1, ƙara 6, rage 6.

To, ga inda gizo ke saƙa. Gwada ƙa'idan nan a kan gida na 6. Ƙara 1 ya ba da 7, alhali kuwa 6 yana ƙarshen layin farko ta dama, 7 yana farkon layi na biyu ta hagu. Ko yaro ɗan shekara biyar ba zai ɗauke tsinke daga wannan gefe ya jefa wancan ba, don idonsa ya nuna masa. Kwamfuta ba ta da ido, za ta yi, har ma ta jera 5 da 6 da 7 ta ce ta ci. Maganin abin shi ne a ƙara sharaɗi. In lambar gida ta rabu da 6 ba saura, ba shi da na dama. In an raba da 6 saura 1, ba shi da na hagu. Gidajen layin farko ba su da na sama, na layin ƙarshe ba su da na ƙasa. In ka bi wannan za ka ga gida 4 na kusurwa suna da maƙwabta biyu-biyu, gida 14 na sauran gefe suna da uku-uku, gida 12 na tsakiya suna da huɗu-huɗu.

Haka kuma wuraren ci. A kowane layi na kwance akwai wuri 4 da za a iya jera uku, layi 5 ya ba da 20. A kowane layi na tsaye akwai wuri 3, layi 6 ya ba da 18. Jimla 38. Ya fi sauƙi a rubuta waɗannan 38 tun farko a ajiye, bayan kowane motsi manhaja ta duba su.

Akwai kuma tambayoyin da 'yan dara su kan yi gardama a kai, don kowane gari da irin al'adarsa. In mutum ya jera huɗu, ya ci ko bai ci ba? An yarda a ɗauke ɗa daga cikin ukun da abokin wasa ya riga ya jera? In an toshe mutum ba shi da inda zai gusa, ya faɗi ne ko a tsallake shi? In mutum biyu suka yi ta kai da komo ba mai ci, yaushe za a ce kunnen doki? A gindin itace a kan tambayi dattijo ya raba gardama. A cikin kwamfuta ba dattijo. Mai tsarawa shi zai yanke tun kafin a fara, ya kuma rubuta a fili inda ɗan wasa zai gani. In bai yanke ta ƙarshe ba, manhaja biyu za su iya yin ta gusa ɗa ɗaya gaba da baya har a ɗauke wuta.

Mataki na uku: hangen gaba

Ya zuwa yanzu manhajarmu ta zama alƙali. Ta san motsin da ya halatta, ta san wanda ya ci. Mutum biyu za su iya wasa tana tsare musu ƙa'ida. Amma mu so mu ke ita ma ta buga. Yaya za ta zaɓi motsi?

Yadda gwanin dara ya ke yi, haka za ta yi. Ya kan ce a ransa, "In na sa nan, zai sa can, sa'an nan ni in sa nan." Manhaja ta kan jera duk motsin da ta ke da shi, a ƙarƙashin kowanne ta jera duk amsar abokin wasa, a ƙarƙashin kowace amsa ta jera nata kuma. Abin ya kan yi rassa kamar itace, shi ya sa a ke kiransa itacen wasa.

Wani ya ce, to, me zai hana ta bi rassan duka har ƙarshe? Bari mu lissafa. Mai fara ajiyewa yana da gida 30 da zai zaɓa, na biyu yana da 29. Hanyoyi 870 ke nan tun a ɗa biyu. A ɗa na uku sun zama 24,360. A na huɗu 657,720. A na biyar sun kai wajen miliyan 17, ga shi kuwa 'ya'ya 24 za a ajiye kafin ma a fara gusawa. A ces abin ya fi haka muni. Shannon ya ƙiyasta yawan wasannin da za a iya bugawa ya kai 1 mai sifiri 120 a bayansa. Ba na'urar da za ta ƙidaya wannan. Don haka tilas a tsaya a wani wuri, a ce a hango motsi 4 ko 6, sa'an nan a kimanta.

Mataki na huɗu: ba da maki

In manhaja ta tsaya wasa bai ƙare ba, ta yaya za ta san fili ya yi mata kyau ko ya ɓaci? Sai an ba ta ma'auni, kamar yadda malami ya ke shirya yadda zai ba da maki kafin ya fara duba jarrabawa. Misali, a ce kowane ɗa da ta fi abokin wasa da shi maki 10 ne. Kowane biyu da ta jera, gida na uku babu kome kuma tana da ɗan da zai iya shiga, maki 3. Kowane motsi da ta ke da sararin yi, maki 1. A lissafa nata, a lissafa nasa, a debe. In nata ya fi, riba ce. In nasa ya fi, hasara.

Waɗannan lambobi misali ne kawai. Ainihin gwanintar mai tsarawa a nan ta ke, kuma a nan ne zai bukaci ya je ya zauna da tsofaffin 'yan dara ya tambaye su abin da su ke dubawa. Galibi za ka ga gwani ya san fili mai kyau da gani, amma in ka ce ya faɗi dalili sai ya yi shiru. Fitad da dalilin nan daga bakinsa a mai da shi lamba, shi ne aiki.

Mataki na biyar: zaɓe

A ce manhaja tana da motsi uku, tana hangen nata ɗaya da amsar abokin wasa ɗaya. In ta yi na farko, yana da amsa biyu: ɗaya ta bar mata riba 5, ɗaya ta jawo mata hasara 4. In ta yi na biyu, yana da amsa uku: riba 2, riba 1, riba 3. Mai kwaɗayi zai hango riba 5 ya ruga ga motsin farko. Amma abokin wasa ba wawa ba ne, amsar da ta fi cutar ka ita zai zaɓa. Saboda haka darajar motsin farko hasara 4 ce, ta na biyu kuwa riba 1. Ƙa'idar ke nan: a kowane motsi ka ɗauka abokin wasa zai yi maka mafi muni, sa'an nan ka zaɓi motsin da muninsa ya fi sauƙi.

Yanzu ga motsi na uku. A ce yana da amsa biyar, manhaja ta duba ta farko ta ga ba riba ba hasara, watau 0. Shin akwai amfanin duba sauran huɗun? Babu. Ta riga tana da riba 1 a hannu daga motsi na biyu, a nan kuwa abokin wasa yana da hanyar da zai mai da ita 0 ko ƙasa da haka. Sai ta sare reshen nan duka ta wuce. Wannan dabara a ke kira alfa-bita. In an yi dace manhaja tana fara duba motsi masu kyau, ta kan iya hango kusan ninkin nisan da ta ke hangowa a da cikin lokaci guda.

Sai dai a kula da abu ɗaya. Kada a bar ta ta tsaya da hange a tsakiyar ci. In ta tsaya daidai inda ta ɗauke ɗa, ta ƙidaya riba, ba ta ga cewa motsi na gaba za a ɗauke mata nata ba, to, dara ta ci gida. Inda a ke cikin ci, sai a ƙara mata hange har ƙura ta lafa.

Mataki na shida: rabo da gwaji

Mai tsari na ƙwarai ya kan raba manhajarsa kashi uku, kada su cuɗanya. Kashi na farko alƙali, mai tsare ƙa'ida. Na biyu mai tunani, wanda ke hange da ba da maki. Na uku mai nuna fili a fuskar kwamfuta ko ta waya, ya karɓi abin da ɗan wasa ya taɓa. Amfanin rabon shi ne, in mutanen wani gari suka ce su a wurinsu jera huɗu ci ne, alƙali kaɗai za a gyara. In kuma a na so yara su iya yin nasara wani lokaci kada su karaya, sai a rage wa mai tunani hange daga motsi 6 zuwa 2, ba a taɓa sauran ba.

Bayan haka sai gwaji. Kada ka gwada inda ka san za ta yi daidai. Kai ta kusurwa, kai ta gida na 6 da na 7, toshe ta, bar ta da ɗa uku kacal. Kuskure a gefe ya kan ɓuya.

Inda aikin ya kai

A kamfanin IBM na Amurka, Arthur Samuel ya tsara manhajar diraf wadda a ka nuna a talabijin a 1956. Tasa ta kan buga da kanta, ta riƙa gyara ma'auninta na maki bisa ga abin da ya kawo ci. A 1997 na'urar Deep Blue ta wannan kamfani ta ci Garry Kasparov, zakaran ces na duniya a lokacin, tana duba fili wajen miliyan 200 a daƙiƙa. A 2002 masana biyu a Amsterdam ta ƙasar Holan suka sa kwamfuta ta bi kowane hali na wasan awari, ɗan'uwan ayo na Yarbawa, hali fiye da biliyan 889, suka tabbatar in kowa ya buga daidai kunnen doki a ke yi. A 2007 Jonathan Schaeffer da abokan aikinsa a Jami'ar Albata ta Kanada suka tabbatar da haka a kan diraf irin ta Ingila. A 2016 kuma manhajar AlphaGo ta ci Lee Sedol na Koriya ta Kudu wasa 4 cikin 5 a wasan go, ita ma da ma'aunin da ta koya ta wajen duba wasannin gwanaye da bugawa da kanta. Duk da haka, fili da ƙa'idodi mutum ne ya zauna ya rubuta mata su.

Ko babu kwamfuta

Wani zai ce makarantar da za a tura shi ko wutar lantarki babu. Wannan ba ya hana. Alan Turing, babban masanin lissafi na Ingila, shi da wani abokinsa sun tsara manhajar ces a 1948, ba su sami na'urar da za ta ɗauke ta ba. A 1952 sai ya zauna da takarda da fensir, shi ya zama kwamfutar, yana bin umurnin ɗaya bayan ɗaya, kowane motsi yana cin wajen rabin sa'a. An cinye manhajar a wasan, amma an ga tana aiki.

Kai ma ka iya yin haka a ajinka. Zana filin a allo, ka sa yara su rubuta ƙa'idodi, ka zaɓi yaro ɗaya ya zama kwamfuta, ka gargaɗe shi kada ya yi kome sai abin da ke rubuce. Ba za a daɗe ba zai ɗauke tsinke daga gida na 6 ya sa a na 7, aji ya ɗauki ihu, sa'an nan su gane laifin ba nasa ba ne, na rubutunsu ne. Malami mai hankali kuwa, in ya ga haka, zai koma ya duba shirin darasinsa na gobe, ya ga wurare nawa ya bar wa yara su cika da kansu.

Aiki

1. Rubuta maƙwabtan gida na 1, da na 12, da na 19, da na 28.
2. Jera duk wuraren ci da gida na 15 ya ke ciki, na kwance da na tsaye.
3. In filin layi 6 ne, kowane layi gida 7, wace ƙa'ida za ka ba kwamfuta ta gane maƙwabta? Wuraren ci nawa za a samu?
4. Manhaja tana da motsi biyu. Na farko amsoshinsa riba 6 da hasara 1, na biyu riba 2 da 0. Wanne za ta zaɓa, don me?
5. Nemi wanda ya iya dara ko ayo cikin 'yan'uwanka ɗalibai, ka rubuta ƙa'idodin garinsu, ka ba wanda bai taɓa wasan ba ya buga da takardar kaɗai. Rubuta duk inda ya tsaya ya yi tambaya, ka kawo wa malaminka.